SALLAMA ITA CE MAKULLIN GIDAN MUSULMI

Godiya ta tabbata ga Allah. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa, da alayensa, da sahabbansa. Bayan haka, ya ku 'yan'uwa matasa, darasinmu a kan ɓarawon rana ne, wanda ba ya haura katanga. Shi wannan ta ƙofa yake shigowa, da sallama a bakinsa da tasbaha a hannunsa.

A nan ƙasar Makoda kowa ya san lokacin da gida yake zama babu namiji: da damina muna gona tun hantsi, ranar kasuwar Dambatta kuma mun tafi da dabbobi, ran Juma'a muna masallaci. To, ɗan damfara ma ya san wannan. Wani ya zo neman ruwan alwala, ya tsare mata da surutu a ƙofa, abokinsa kuma ya zaga ta danga ya kwance akuya daga turke. Wani ya ce maigida ne ya aiko shi a ba shi buhun gyaɗa. Mafi sharrinsu shi ne mai duba: ya ce an binne asiri a tsakar gida, a kawo 'yan kunne da kuɗin adashe a rufe a ƙwarya, kada a buɗe sai bayan kwana uku. Ran da aka buɗe, sai tsakuwa.

Ku sani Allah bai bar gidajenmu haka nan ba. A Suratun Nur, aya ta 27 da ta 28, Ya hana shiga gidan wani sai da izini da sallama, kuma Ya umarci wanda aka ce wa ya koma da ya koma. Hadisin Abu Musal Ash'ari ya nuna neman izini sau uku ne, in ba a amsa ba a juya. Ashe matar da ta ce wa baƙo maigida ba ya nan, ya dawo an jima, ba rashin kunya ta yi ba, Sunna ta bi.

Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Jabir ya ƙwanƙwasa ƙofar Annabi (S.A.W.), aka tambaye shi ko wane ne, bai faɗi sunansa ba, Annabi ya nuna bai so hakan ba. Saboda haka a tambayi baƙo sunansa, da garinsu, da wanda ya aiko shi. Suratul Hujurat, aya ta 6, ta umarce mu da bincika labari kafin mu yi aiki da shi. In ya ce saƙon maigida ne, a kira maigida a waya, ko a tura yaro gona. In ya ce shi ma'aikacin hukuma ne, na lafiya ko na taki, ya nuna katin shaidarsa, a kuma tambayi mai unguwa, don ma'aikatan gaskiya ba sa shiga gari bai sani ba.

Mai duba kuwa, Muslim ya ruwaito cewa wanda ya je masa ya tambaye shi wani abu, ba za a karɓi sallarsa ta kwana 40 ba. Ga asarar dukiya, ga asarar ibada. Amma laifin wa? Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Nurul Albab, ya zargi mazan da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Kai saurayi da kake zuwa karatu, ka taɓa zama ka koya wa mahaifiyarka da ƙannenka cewa babu mai sanin gaibu sai Allah? Wadda ta riƙe tauhidi, boka ba ya cin ko sisinta.

Kada kuma a wuce gona da iri. Baƙo yana da hakki: a shimfiɗa masa tabarma a zaure, yaro ya kai masa ruwa da fura. Iyakarsa ke nan, zaure. In an kama ɓarawo, kada ku taru ku kashe shi da duka. Hukunci ba na taron gayya ba ne, kuma sau da yawa mai gaskiya ake halakawa. A kai shi wurin dagaci, a miƙa shi ga 'yan sanda.

Ku gyara dangarku, ku sa wa rumbu kwaɗo, ku yi shawara da maƙwabta kada unguwa ta zama babu namiji ko ɗaya. Annabi ya umarci mai raƙumi ya ɗaure shi, sa'an nan ya dogara ga Allah.

Allah Ya tsare mana gidajenmu da imaninmu, Ya raya mu a kan Sunna. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.