DARASI: IDAN BIRKIN MOTA YA YI LAUSHI

Darasinmu na wannan fitowa a kan birki ne, domin abin da ya sami wani ɗan ƙungiyarmu ana gab da Babbar Sallah. Ya loda raguna a a-kori-kurarsa zai kai kara a Port-Bouët. Da ya iso Adjamé Mairie, wata gbaka ta tsaya masa a gaba ba zato, ya taka birki, sai ƙafa ta tafi har ƙasa kamar ya taka soso. Birkin hannu ya ja, Allah ya kiyaye, fitila ɗaya kawai ta fashe. Da muka tambaye shi, sai ya ce ai kwana goma ke nan sai ya taka sau biyu take kamawa. To jama'a, wannan taka-sau-biyu ita ce gargaɗin, kuma yawancinmu mun saba da ita har mun ɗauke ta halin mota.

Wannan bayani na ƙananan motoci ne da a-kori-kura masu birkin mai. Manyan tireloli da ke kawo mana shanu daga Mali da Burkina Faso ta Ouangolodougou da Bouaké birkin iska gare su, nasu darasin daban.

YADDA BIRKIN KE AIKI

Idan aka taka, babban famfon birki, wanda makanikai ke ce wa masta, shi ke tura mai ta cikin bututu zuwa ƙafafu huɗu. Mai ba ya matsuwa, shi ya sa ƙarfin ƙafarka ke isa taya nan take. Iska kuwa tana matsuwa. Ashe duk lokacin da birki ya yi laushi, ko iska ta shiga, ko mai yana zurarewa, ko takalman birki sun yi nisa da inda za su kama.

GWAJI HUƊU KAFIN A JE GAREJI

1. A buɗe gaban mota a dubi robar man birki. In ya sauka ƙasa da layin MIN, a leƙa bayan kowace taya. Inda aka ga danshin mai, nan ne yoyon yake. Ƙara mai ba gyara ba ne, sai an toshe inda yake fita.

2. A kashe inji, a taka sau biyar ko shida da sauri. In birkin ya taso ya yi tauri, bayan ɗan lokaci ya koma laushi, to galibi iska ce a bututu, ko takalman baya suna son a ɗaure su.

3. A taka a riƙe da ƙarfi kamar rabin minti. In ƙafa tana nitsewa a hankali alhali ba yoyo a waje, robobin cikin masta ne suka ci. Wannan sai canji.

4. Wani ya taka, wani ya dubi tiyon roba da ke kusa da kowace taya. Tiyon da ya kumbura ko ya tsattsage, a cire shi.

MAI DA RUWA

Ga abin da da yawa ba su sani ba. Man birki irin DOT 3 da DOT 4 yana shan danshin iska, ga shi Abijan gari ne na bakin teku da tafkin Ebrié. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya tafasa a 155. DOT 3 kuma daga 205 yake faɗowa 140. Mota mai kayan dabbobi, a cunkoson Adjamé, taka-saki taka-saki, ƙafafun sukan yi zafi, man ya tafasa ya zama tururi, birki ya ɓace. In ta huce sai ya dawo, mai mota ya ce ta warke. Ba ta warke ba. A juye man duka duk shekara 2. Kada a sayi na buɗaɗɗen galan da ake aunawa a bakin titi, a sayi wanda yake a rufe. Kada a zuba man inji ko na giya, yana kumbura robobi. Kada kuma a haɗa DOT 5 da sauran, ba jinsinsu ɗaya ba.

FITAR DA ISKA

Aikin mutum biyu ne. Ana bukatar sifana, siririn tiyo, da kwalba mai ɗan mai a ciki. A yawancin motocinmu ana farawa da tayar da ta fi nisa da masta: baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. In littafin motar ya faɗi wani tsari, shi za a bi. Na ciki ya taka sau uku ya riƙe. Na ƙasa ya kwance ɗan notin fitar da iska, mai da kumfa su fito cikin kwalba, ya ɗaure, sannan na ciki ya ɗaga ƙafa. In ya ɗaga kafin a ɗaure, iska ta koma. A maimaita har kumfa ta ƙare. A riƙa duba robar mai kada ta ƙafe, in ta ƙafe aiki ya koma farko. Man da ya fito kuma a zubar, ba a mayar da shi.

Bayan an gama, a gwada motar ba kaya, a hankali, a wurin da ba jama'a. In har yanzu da laushi, a kai wa bakanike, a tsaya a kansa a ga abin da ya cire da abin da ya sa.

Shawararmu ita ce, duk wanda zai ɗauki dabbobi daga Adjamé ya haye gadar Houphouët-Boigny ko ta De Gaulle zuwa Treichville har Port-Bouët, ya yi gwaji na 1 da na 3 kafin ya loda. Minti biyu ne. Dabbobin da ke baya sau da yawa ba namu ba ne, amanar mutane ce daga gida, ga kuma rayukan talla da 'yan makaranta a bakin titi. Kuɗin gwangwanin mai bai kai kuɗin ƙafar rago ɗaya ba.

A fitowa ta gaba, in Allah ya yarda, za mu yi bayani kan birkin iska na tireloli. Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a kasuwa, amin.