Majigi da Makarantu a Kano Zamanin Turawa

Wani mai sauraronmu daga Damagaram ya aiko yana tambaya: da me mutanen Kano suke nishaɗi a zamanin Turawa, kuma akwai makarantun da ba na gwamnati ba?

To, malam, kafin silima akwai dambe da kokawa da hawan salla. Sai majigi ya shigo. Motar hukuma ta tsaya a dandali bayan magariba, a kafa farin ƙyalle, yara su cika gaba zaune a ƙasa, mai fassara yana ta bayanin tsafta da noman gyaɗa. Kallon kyauta ne, amma wa'azin gwamnati ne cikin rigar wasa.

Silimar kuɗi kuwa a wajen ganuwa ta fara. An buɗe Rex a 1937, kuma malamai da dattawa ba su yi na'am da abin ba ko kaɗan. Da gobarar silimar El-Duniya ta ci mutum sama da 300 a 1951, da yawa sun ce ai ga irinta nan.

Game da makarantu kuwa, Makarantar Ɗan Hausa da aka buɗe a Nasarawa a 1909 ta gwamnati ce. Masu zaman kansu iri biyu ne. A Sabon Gari, mishan da ƙungiyoyin 'yan kudu suka gina nasu, domin ba a bar mishan sun zauna cikin birni ba. A cikin birni kuwa, kusan kowace unguwa da makarantar allo a zauren malam, yaro ya zo da kuɗin laraba a hannu.

Da fatan mai tambaya ya gamsu.