Finafinan Haƙiƙa da Ya Kamata Malamin Hausa Ya Kalla

Gabatarwa

Ɗaya daga cikin matsalolin da ke damun koyar da al'ada da adabin baka a makarantu ita ce yawan dogaro da allo da alli. Malami zai rubuta bayanin hawan daba ko na kiɗan noma, ɗalibai su kwafe su haddace, alhali da yawansu ba su taɓa ganin jahi ko jin amon gangar noma ba. Fim na haƙiƙa, wanda wasu ke kira dokumentari, yana cikin kayan koyarwar da za su iya cike wannan giɓi. Wannan darasi zai gabatar wa ɗalibi mai shirin zama malami wasu daga cikin irin waɗannan finafinai, tare da nuna abin da ya kamata ya lura da shi kafin ya kai su aji.

Ma'ana da Asali

Fim na haƙiƙa shi ne wanda aka gina a kan mutane da wurare da al'amura na zahiri, saɓanin fim na ƙagaggen labari wanda 'yan wasa ke kwaikwayo. Sai dai wannan ma'ana tana da ɓaraka tun daga tushe. Fim ɗin Nanook of the North na Robert Flaherty (1922), wanda ake lissafawa cikin na farko-farko, ya nuna rayuwar mutanen Inuwit na arewacin Kanada, amma an tabbatar cewa shirya wasu sassansa aka yi. Mai ɗaukar hoto shi ke zaɓar inda zai kafa kyamara, mai tacewa kuma shi ke zaɓar abin da zai yanke. Ke nan kowane fim na haƙiƙa yana ɗauke da ra'ayin wani.

Bahaushe ya fara sanin wannan nau'i ne ta hanyar majigi, wato motar nan da Turawan mulkin mallaka ke zagayawa da ita gari-gari ana haska hotuna a dandali ko ƙofar fada bayan faɗuwar rana. Gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da take mulka a 1939, ƙarƙashin William Sellers, wanda tsohon jami'in tsafta ne a Nijeriya. Tsafta da noma da biyayya ga hukuma su ne jigoginsu.

Finafinan Tarihin Afirka

A nan jerin shirye-shirye uku ne suka fi cancanta. Na farko shi ne Africa na Basil Davidson (1984), mai kashi 8, wanda Hukumar Talabijin ta Nijeriya ke cikin waɗanda suka haɗa hannu wajen shirya shi. Kashi na 4 shi ne ya fi kusa da malamin Hausa, domin a cikinsa Davidson ya ziyarci Kano ya nuna zaman fada a Gidan Rumfa. Wanda zai koyar da sarautun gargajiya zai sami abin nunawa a nan: tsarin zaman hakimai, da shigar dogarai, da yadda ake faɗuwa gaisuwa.

Na biyu shi ne The Africans: A Triple Heritage na Farfesa Ali Mazrui (1986), mai kashi 9. Mazrui mutumin Mambasa ne ta ƙasar Kenya, ya kuma yi aiki da Jami'ar Jos. Hujjarsa ita ce Afirka ta yau gado uku ta ci: na gargajiya, da na Musulunci, da na Turai. Wannan ra'i ya dace ƙwarai da nazarin al'adun Hausawa, domin a bikin aure ɗaya ana iya ganin kamu da ɗaurin aure da yankan kek. Shirin ya jawo ce-ce-ku-ce a Amurka, har wata hukumar gwamnati da ta ba da kuɗin shirya shi ta nemi a cire sunanta, bisa zargin cewa ya tsananta wa Turawa. Na uku, History of Africa na Zeinab Badawi, ya fara fitowa a BBC a 2017, kuma an gina shi ne a kan kundin tarihin Afirka na UNESCO. Ya fi sauran sauƙin samu a intanet, amma bai kai na Mazrui zafin muhawara ba.

Jean Rouch da Matsalar Idon Baƙo

Jean Rouch Bafaranshe ne da ya fara zuwa Nijar a 1941 a matsayin injiniyan hanyoyi, daga baya ya koma nazarin al'adu da kyamara. Ya rasu a haɗarin mota kusa da Birnin Ƙonni a 2004. Fim ɗinsa Jaguar, wanda aka ɗauka a tsakiyar shekarun 1950 aka fitar a 1967, ya bi sawun samari uku daga Nijar zuwa cin rani a ƙasar da ake kira Ghana a yau. Samarin da kansu suka ɗora sharhi a kan hotunan daga baya, suna raha suna yi wa juna ba'a, abin da ya sa fim ɗin ya tsaya tsakanin haƙiƙa da ƙage.

Wanda ya fi shahara, ya kuma fi tayar da ƙura, shi ne Les Maîtres fous (1955). An ɗauke shi a wajen birnin Ankara, ya nuna 'yan cin rani daga Nijar suna hawan iskokin da ake kira Hauka, waɗanda a wasu sassan ƙasar Hausa aka sani da Babule. Iskokin suna kwaikwayon gwamna da hafsoshin soja da sauran jami'an mulkin mallaka. Hukumar Ingila ta hana nuna fim ɗin, domin ta ga an wulaƙanta mulkinta. 'Yan Afirka masu karatu a Faris su ma suka ƙi shi, domin sun ga an nuna baƙar fata yana kumfar baki yana cin naman kare. Shekaru goma bayan haka, Usman Samben na Senegal ya zargi Rouch da ire-irensa da kallon 'yan Afirka kamar yadda ake nazarin ƙwari. Ga ɗalibin da ke nazarin bori, fim ne da ya kamata ya gani ya kuma yi tsokaci a kansa. Amma ko kusa bai dace da 'yan sakandare ba, kuma malamin da ya haska shi ba tare da shimfiɗa ba zai tayar da abin da ba zai iya kwantarwa ba.

Finafinan 'Yan Gida

Abin mamaki shi ne, duk da yawan finafinan da ake fitarwa a Kano, mafi ingancin finafinan haƙiƙa masu magana da Hausa daga Nijar suka fito. Sani Alhaji Magori, mutumin Galmi, ya fitar da Pour le meilleur et pour l'oignon a 2008. Labarin wani manomin albasa ne wanda auren 'yarsa ya rataya a kan abin da gona za ta bayar da kuma farashin kasuwa. Babu mai sharhi da ke tsoma baki kowane lokaci. Mutane ne ke maganarsu ta yau da kullum. Saboda haka fim ɗin taska ce ga mai koyar da karin harshe, domin ɗalibin Kano ko Zariya zai ji Hausar yamma daga bakin masu ita, ya kwatanta da daidaitacciyar Hausa.

Wani fim ɗin nasa, Koukan Kourcia (2010), wato kukan kurciya, ya fi shafar adabin baka. Mahaifin mai fim ɗin ya tafi Abijan neman kuɗi ya daɗe bai dawo ba. Ana cewa waƙoƙin wata zabiya mai suna Husai ne suka riƙa zuga samarin yankin su bar gida a zamanin ƙuruciyarta. Sai ɗan ya nemo ta bayan ta tsufa, ya roƙe ta su yi tafiyar tare, ko waƙar da ta fitar da uban za ta komo da shi. Duk bayanin da littafi zai yi a kan zuga da tasirin mawaƙi a cikin al'umma, da wuya ya kai wannan tafiya gamsarwa.

Sai kuma A'isha Macky, 'yar Damagaram. L'arbre sans fruit (2016) ya taɓo rashin haihuwa da yadda ake ɗora wa mace laifinsa, kuma ita kanta tana cikin masu ba da labarin. Zinder (2021) ya shiga unguwar Kara-Kara, wadda asalinta mazaunin kutare ce, ya zauna da samarin da gari ke tsoro. Akwai zafafan kalamai a ciki, don haka malami ya fara kalla shi kaɗai.

Finafinan Bincike

Wani reshe kuma shi ne na binciken 'yan jarida. Sweet Sweet Codeine na BBC (2018) ya bankaɗo cinikin maganin tari mai sa maye, har da abin da ke faruwa a Kano, kuma cikin 'yan kwanaki gwamnatin Nijeriya ta hana sarrafa shi da shigo da shi. Saɓanin haka, a 2022 Hukumar Kula da Kafafen Yaɗa Labarai ta ci tarar wasu tashoshi naira miliyan 5 kowace, saboda nuna finafinai a kan 'yan bindigar daji. Batun ko jin ta bakin ɗan ta'adda ilimantarwa ne ko tallata shi, batu ne mai kyau na darasin muhawara.

Yadda Za a Kai Fim Aji

Darasin minti 40 ba ya ɗaukar fim na awa guda. Malami ya zaɓi yanki na minti 10 zuwa 15, ya rubuta tambayoyi biyu ko uku a allo tun kafin a fara. Inda babu wuta, waya ɗaya da 'yar lasifika sun isa idan aka kasa ɗalibai rukuni-rukuni. Idan fim ɗin da Turanci ko Faransanci yake, ana iya kashe sautin malami ya yi sharhi da Hausa, kamar yadda tafintocin majigi suka riƙa yi. Daga baya sai a sake kashe sautin a ba ɗalibai dama su yi nasu sharhin, wanda ke nan an haɗa darasin al'ada da na magana.

Aikin Yi

Ɗalibi ya kalli minti 15 na farkon Koukan Kourcia ko Pour le meilleur et pour l'oignon, ya tsamo kalmomi 10 da suka saɓa wa daidaitacciyar Hausa, sannan ya tsara darasin minti 40 na aji biyu na babbar sakandare a kan yankin da ya kalla.