Yadda Dabba Ke Koyon Abin Da Za Ta Ci

Duk wanda ya taɓa sa wa ɓeraye guba a rumbu ya san cewa a daren farko ake samun nasara. Ɓeran da ya ɗanɗana kaɗan, ya yi ciwo ya tashi, ba ya sake kusantar wannan abinci. Manoma kan ce wayo ne. A ilimin halittu kuwa koyo muke kiransa, kuma ciki ne malamin.

A shekarar 1966, John Garcia da Robert Koelling a Amurka suka ba ɓeraye ruwa mai ɗanɗano, ana kunna fitila da ƙara duk sa'ad da suka lasa, daga baya aka sa musu tashin zuciya. Ɓerayen suka ƙauracewa ɗanɗanon, amma fitila da ƙara ba su dame su ba. Wato ƙwaƙwalwa tana ɗora laifin ciwon ciki a kan ɗanɗano, ko da ciwon bai zo ba sai bayan sa'a guda ko fiye.

To, yaya wannan ya shafi bukatar jiki? A shekarun 1960 Paul Rozin ya ciyar da ɓeraye abincin da babu bitamin B1 a cikinsa. Da suka raunana, sai suka riƙa watsar da abincin, tamkar guba ce aka ba su. Da aka kawo sababbin abinci iri-iri, sai su ci ɗaya, su dakata, sa'an nan su gwada wani, har su liƙe wa wanda suka ji sauƙi bayan cinsa. Ɗalibi ya lura da kyau: ɓera bai san bitamin ba, ba ya kuma jin ƙanshinsa. Abin da ya biyo bayan ci shi yake tunawa. A ganina nan ne masu cewa "jiki ya san abin da yake so" suke wuce gona da iri.

Gishiri ne ya fita daban. A 1936 Curt Richter ya cire wa ɓeraye wasu 'yan ƙullutai da ke bisa ƙoda, waɗanda ke hana gishiri zubewa cikin fitsari. Ɓerayen suka duƙufa shan ruwan gishiri, suka rayu. Wannan ƙwaɗayi haihuwarsu aka yi da shi. Makiyayanmu da ke ba shanu kanwa, ko suke kai garke Ingal a Nijar ƙarshen damina, sun daɗe da saninsa.

Mu koma rumbu. Gubar ɓera irin warfarin sai bayan kwanaki take kamawa. Kafin ciwo ya iso, ɓera ya ci abubuwa da dama, ba ya iya gane wanne ne ya cuce shi, sai ya yi ta komawa.