Yadda ake haɗa boga da burodin kanti bai jiƙe ba

Ranar da na fara kawo buriyosh Tambuwal daga wani kanti a Sakkwato, kawuna ya gutsura, ya tauna a hankali, ya dube ni ya ce, "Ɗana, wanga ba burodi na ba, kek na." Da gaskiyarsa. Buriyosh burodin Faransawa ne da ake kwaɓawa da ƙwai da bota da madara da ɗan sukari, kuma a na asali botar kan kai rabin nauyin fulawar. Shi ya sa cikinsa rawaya ne, bayansa na sheƙi. Masu boga sun rungume shi don laushinsa, sai dai laushin nan ne ke kayar da shi: romon nama na taɓa shi sai ya jiƙe jagab, ya rabe a hannu.

Aikin daga kanti yake farawa. Juya ledar ka karanta kayan haɗin, domin ana jera su ne daga mai yawa zuwa kaɗan. In ƙwai da bota na kusa da fulawa, ka samu. In man girki da kala ka gani, to burodin yau da kullum ne aka shafa wa kwalliya, kar ka biya kuɗin buriyosh. Duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Tun zamanin Dora Akunyili hukumar ta haramta sinadarin buromet da wasu ke sa wa burodi don ya kumbura, saboda haka ni ban yarda da wanda ya cika girma amma ba nauyi ba. Danna shi da babban yatsa ta kan leda. Mai kyau zai taso a hankali, tsoho kuwa ramin zai zauna.

Sai ɗauko shi. Wanda ya bi hanyar Bodinga da Shagari a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ya san abin da but ɗin mota ke yi wa burodi. Gumi yake yi cikin leda, gumin nan kuwa shi ne mafarin fumfuna. Riƙe shi a cinya. In Kebbe za ka wuce da shi, ɗan sassauta bakin ledar da zarar ka isa. Kar ka sa shi a firji, sanyin firji saurin tsufar da burodi yake yi. Ko dai a daskarar da shi a firiza in akwai wuta, ko a cinye shi cikin kwana biyu.

Wajen mahauci, kar ka ce tsoka zalla. Nemi a haɗa maka da kitse, kamar kashi ɗaya cikin biyar, a niƙa ko a sassara shi da wuƙa har ya yi laushi. Sa gishiri, masoro, ɗan yaji, da albasa yankakkiya ƙanana. Mu da Aliero ke nan kusa ba mu da uzurin rowar albasa. Mulmula, ka baje shi ya ɗan fi burodin faɗi domin zai tsuke a wuta, sannan ka danna tsakiyarsa da yatsa kada ya yi tozo. Soya shi har cikinsa ya daina ja, niƙaƙƙen nama ba a cin sa da saura. Sauke shi ya huta minti biyu ko uku a faranti, romon farko ya zuba can. Ranar da ƙiwa ta kama ni, balangun tasha nake saye in yayyanka.

Yanzu ga matakin da mutane ke tsallakewa. Raba burodin biyu da wuƙa mai haƙora, kana gogawa, ba dannawa ba. Shafa man shanu kaɗan a cikin, irin wanda Fulani ke kawowa kasuwa, soyayye in da hali, ka kifa shi a kasko. Wajen mai shayi na koyi wannan, yadda yake kifa burodi a kaskon ƙwai ya danna shi da bayan cokali. Bambancin shi ne wutar buriyosh ƙasa-ƙasa ake yi, domin sukarinsa na saurin ƙonewa. Ka juya baya ka amsa sallama, sai ka dawo ka tarar da gawayi. Da ya yi ja-ja-ja, ka goga farce ka ji ƙaras, ɗauke shi. Wannan ɗan ɓawon shi ke tare romo.

Wajen jerawa, shafa bama a na ƙasa, ɗora latas da aka tsane ruwansa sarai, sai nama, sai albasa. Tumatir a sama, bayan an matse 'ya'yansa. Da yake burodin na da zaƙi, ƙara yajin ƙuli, ka bar duk wata miyar kwalba mai sukari. Rufe, danna sau ɗaya da tafin hannu, a ci nan take.

A wancan karon da na fara kawo buriyosh, guda biyu suka kwana. Da safe na tsoma su cikin ƙwai da madara na soya, na kai wa kawu da shayi. Ya cinye tas, ya ce in na koma birni in riƙo masa irin kek ɗin nan.