Amsoshin Tambayoyinku: Mawaƙin da ya fara daga Zariya

Wani mai sauraronmu daga Dawakin Kudu, wanda ya ce yana jin shirinmu a gonarsa ta rani da ke wajen Kura, ya aiko da tambaya: shin akwai mawaƙin salon R&B da ya fara tashe a Arewacin Najeriya?

To Malam, akwai. Shi wannan salo ya samo asali ne daga Baƙaƙen fatar Amurka, kuma a 1949 mujallar Billboard ta sanya wa jadawalin waƙoƙin salon wannan suna. A Najeriya, cikin waɗanda suka gauraya shi da kiɗan gida akwai Bongos Ikwue, ɗan ƙabilar Idoma, haifaffen Otukpo ta jihar Binuwai a 1942.

Yana ɗalibi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ya haɗa ƙungiyar UniBello Brothers, suna kiɗa a gaban 'yan uwansu ɗalibai. A 1967 ya kafa ƙungiyar Groovies. A wancan zamani ba a dogara da kiɗan na'ura: mai jita, mai ganga da masu busa duk suna kan dandamali, mawaƙi kuma da muryarsa yake riƙe taro. Waƙarsa Still Searching ta karaɗe ƙasar nan, sannan shi ya rera taken wasan kwaikwayon NTA mai suna Cock Crow at Dawn a farkon shekarun 1980.

Da fatan mun gamsar da kai. Allah ya ba da albarkar noma.