Gishirin Naitiret A Ruwan Rijiya Da Yadda Ake Rage Shi Da Garin Ƙarfe

Ruwan rijiya yana iya zama garau, ba wari ba ɗaci, amma yana ɗauke da wani gishiri da ake kira naitiret. Gishirin nan yana fitowa daga takin zamani, da kashin dabbobi, da salgar da aka haƙa kusa da rijiya. Ƙasa ba ta riƙe shi, saboda haka ruwan damina yakan tsiyaye da shi har ya kai ga ruwan da ke ƙarƙashin ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa kada ya wuce miligiram 50 a cikin lita ɗaya, kuma Nijeriya ta bi wannan ma'auni.

Jarirai 'yan ƙasa da wata shida su ne suka fi shiga haɗari. Idan aka dama musu madara da irin wannan ruwa, jininsu yakan kasa ɗaukar iskar oksijin, leɓuna da farce su yi shuɗi. Wani likita mai suna Comly ya bayyana wannan ciwo a jihar Iowa ta Amurka a 1945. A lura, tafasa ruwa ba ya kawar da naitiret. Ruwan ne ke ƙafewa, gishirin ya ƙara yawa a cikin abin da ya rage.

A 1997 masana a Jami'ar Lehigh ta Amurka suka nuna yadda za a tsabtace ruwa da garin baƙin ƙarfe mai tsananin laushi, wanda ƙwayarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu goma na milimita ba. Daga baya aka gwada shi a kan naitiret. Hikimar ita ce tsatsa. Ƙarfe yana neman oksijin don ya yi tsatsa, naitiret kuwa yana ɗauke da ita, sai ƙarfen ya ƙwace ta, gishirin ya rushe. Laushin garin shi ke sa aikin sauri, gama fuskar giram ɗaya tana kusan murabba'in mita 30. Akan dama garin da ruwa, a tura shi ta bututu cikin ƙasa inda gurɓatar take.

Amma fa dabarar tana da nata cikas. Yawancin naitiret ɗin yakan koma amoniya, wadda ita ma sai an cire ta. Ƙwayoyin sukan dunƙule su kasa ratsa ƙasa, tsatsa kuma ta lulluɓe su, ƙarfinsu ya ragu. Masu bincike suna gauraya su da ɗan jan ƙarfe don magance wannan. Aiki ne na injiniyoyi, kada kowa ya zuba garin ƙarfe a rijiyarsa.

Abin da ke hannun mai gida shi ne ya nisanta salga da turken dabbobi daga rijiya da kamar mita 30, ya kai ruwan a auna, mai jego kuwa ta shayar da nono zalla har wata shida.